Malam Illo da Taimamar Inno

Duk wanda ya zauna garin Isa a farkon shekarun saba'in, in dai ya taɓa bin hanyar bayan asibitin sha-ka-tafi, ya san Malam Illo. Shi ne mai bisharar 'yar majami'armu, ɗakin ƙasa mai rufin kwano wanda in rana ta take sai ka rasa ko wa'azi ne ke sa ka gumi ko kwanon. Ni a lokacin ni ce uwar zumuntar mata, mijina malamin asibiti ne da aka turo mu daga Zuru. Na yi aiki da Malam Illo shekaru, na ƙaunace shi kamar wana, kuma har yau ban ga mutumin da ya taɓa ƙona mini rai kamarsa ba.

Bagobiri ne na wajen Tsamaye, da tsagarsa a fuska. Yana saurayi kuturta ta kama shi, danginsa suka kai shi asibitin kutare na mishan can kudu da Sakkwato. Ya daɗe a can. Ya dawo da lafiyarsa, da karatun Hausa daidai gwargwado, da bangaskiya ga Yesu, amma yatsunsa sun tafi, sai dungu. Danginsa ba su kore shi ba, ba su kuma yi guɗa ba. Daga baya manyan ikilisiya suka ajiye shi Isa ya riƙa kiwonmu, mu baƙin gari: 'yan sanda, malaman makaranta, ma'aikatan dabbobi da matansu.

Aikin mai bishara yana da iyaka. Zai yi wa'azi, ya gai da marar lafiya, ya sasanta miji da mata, ya binne mamaci. Amma baftisma sai wanda aka ɗora wa hannu, wato Rabaran, shi kuwa namu yana Gusau, sau ɗaya yake leƙo mu a shekara, bayan damina, lokacin da gulbin Bunsuru ke da ruwa. Mu a wurinmu nitsarwa ake yi, a nutsa mutum gaba ɗaya har gashin kansa. Malam Illo ya riƙe wannan iyaka kamar shi ya shata ta. Akwai wata kujerar katako da ake ajiye wa Rabaran a gaba. Ko benci ya cika Malam ba ya zama a kanta, ya gwammace ya tsaya. Kazar maƙwabta ma ta fi shi ƙarfin hali, don ita takan hau ta yi barcinta.

Kada a ce ina rage masa. Mutumin nan in ya ji ɗanka na zazzaɓi, kafin ka gama jiƙa magani yana bakin ƙofa. Ɗan sandan da ya sha giya ya doki matarsa, Malam Illo ne zai je ya zauna masa a tsakar gida, ba faɗa ba zagi, har sai kunya ta ishe shi. Da yawanmu a hannunsa muka koyi yin addu'a da bakinmu, ba sai an ja mana ba. Abin da ya rasa shi ne ya yarda cewa shi ma wani abu ne. In ka yaba masa sai ya ɓoye hannuwansa cikin riga.

Sai farin 1973 ya zo. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, gulbi ya koma yashi tsagwaronsa. Musulmin gari suka fita roƙon ruwa, mu ma muka yi azumi muka roƙa, sama ta yi mana shiru mu duka. Mutanen arewa, daga Burkusuma har ƙetaren iyaka, suka riƙa kwararowa kudu da ragowar dabbobinsu. Cikinsu akwai wata tsohuwar Bafulatana mai suna Inno da ɗanta Yero. Suka sauka gindin gawon da ke bayan majami'a, da 'yan shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Inno tana da gyambo a ƙafa, irin wanda warinsa ke riga mai shi isowa. Mijina ya ba da magani, amma wankewa kullum ita ce magana, kuma gaskiya ni ban iya ba. Malam Illo ne ya ɗauka. Kowace safiya zai durƙusa gabanta da ɗan ruwan gishiri, ya matse tsumma tsakanin dungunsa biyu, ya wanke. Wata rana ina tsaye ta ce masa, “Malam, kai ko ƙyama ba ka ji?”

Ya ce, “Inna, ni ma an wanke mani, kuma nawa ya hi naki muni.”

Daga nan ta fara zama bakin ƙofar majami'a ranar Lahadi, wai inuwa take nema. Sai ta shigo bencin baya. Kafin a jima tana gaba, tana rera waƙa da muryar da ke ɓatar da kowa daga kan hanya. Addu'arta kuwa abin ji ce, don tana yi wa Allah magana kamar maƙwabcin da suka saba, har da ƙorafi. Ta zo mana da wata ƙullalliya a zuciya: ƙanenta na can arewa ya hana shanunsu rijiyarsa, ta rantse ko gawarsa ba za ta kalla ba. Watanni Malam Illo yana bi da ita a hankali a kan gafara, tana cewa wannan babin a tsallake mata shi. Ranar da ta tare wani mai raƙumi ta ce ya gai da ƙanen nata, ya ce masa ta yafe, na shiga ɗaki na yi kuka. Mu da aka haifa cikin abin, da yawanmu ba mu kai nan ba.

Yero bai ji daɗin wannan shige da fice ba, amma yaro ne mai ladabi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Uwata ta, ba ni iya mata. Ku dai kak ku wahal da ita.”

To, Inno ta nemi baftisma. Ita wanka take kiranta. Ta zauna ajin masu neman baftisma, ta amsa tambayoyi da irin nata kalmomin, Malam da kansa ya ce ta isa. Saura Rabaran da ruwa, kuma babu ko ɗaya. A shekarar nan Rabaran bai zo bayan damina ba, tunda babu gulbin da zai shiga. Malam ya aika da saƙo ta bakin wani direban babbar mota, aka ce a yi haƙuri. Ya sake aikawa, aka ce ana dubawa. Inno kuwa kullum sai ta tambaya, “Malam, yaushe na wankan?” shi kuma ya ce, “Sannu dai, Inna, yana tahe.” Ni na gaji da jin wannan amsa tun kafin ita ta gaji.

Da rani ya tsananta Yero ya zo ya ce shi zai yi kudu, in ya ƙara zama ko saniya ɗaya ba zai fita da ita ba, kuma ba zai bar uwarsa ba. Nan hankalinmu ya tashi. Mijina ya samu mai zuwa Gusau ya kai maganar ƙafa da ƙafa, amsa ta dawo cewa Rabaran zai zo Lahadi mai zuwa in har za mu samu ruwan da zai rufe mutum. Yero ya yarda ya jira Lahadin.

Ruwan da zai rufe mutum, a garin da ake faɗa kan guga ɗaya! Rijiyoyin gari sun yi ƙasa, mata suna tona ramuka a yashin gulbi, su zauna suna jira ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙoƙo. A nan ne na hango jirgin Sodangi mai fito kife a kan yashi, ba shi da aikin yi tun bara. Na je na same shi, na roƙi aron jirgin mu cika shi da ruwa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce shi dai ya san jirgi cikin ruwa, bai taɓa jin ruwa cikin jirgi da gangan ba. Amma ya yarda, don katakon ya fara tsagewa, jiƙa shi alheri ne gare shi. Muka juya jirgin, muka tottoshe tsagun da tsumma da kwalta, muka ja shi ƙarƙashin wata inuwa.

Matan zumunta suka sha wuya. Kowace in ta ɗebi na gidanta sai ta koma rami ta ɗebi na jirgi. Akwai mai ciki a cikinmu, akwai mai goyo, babu wadda ta ce ta gaji. Ni wuyana har yau in sanyi ya shigo yana tuna mini da tulun nan. Katako ya fara shanye rabonsa, muka ƙara. Ranar Asabar da yamma ruwa ya kai inda in tsohuwa ta kwanta zai rufe ta. Muka lulluɓe shi da tabarmi, mazanmu suka yi ta gadi saboda jakuna.

Lahadi muka yi sujada da wuri muka gangara gulbi. Inno ta sa farin zanen da na ba ta, ta zauna kusa da jirgi tana murmushi kamar amarya. Muka yi waƙa, muka ƙare waɗanda muka sani, muka sake daga farko. Duk ƙarar babur da aka ji sai kowa ya miƙe. Rana ta take, ta karkata, babu Rabaran. Daga baya muka ji cewa baƙon dauro ne ya shiga yaran ikilisiyarsa, ranar nan yana maƙabarta. Ban ga laifinsa ba da na ji. Amma a ranar ban sani ba, kuma ko na sani ba shi ne a gabana ba.

Na ja Malam Illo gefe na ce, “Malam, ga ruwa, ga Inno, ga ka. Mi muka jira?”

Ya ce, “Uwar zumunta, ba a ɗora mani hannu ba.”

Na ce, “Wa yaw wanke mata gyambo? Wa yak koya mata addu'a? Rabaran ko sunanta bai sani ba!”

Ya ce, “Kowa da aikin da anka ba shi. In na yi, aka ce ba ta yi ba hwa? Na ruɗe ta ke nan, na ruɗi kaina.”

Na ce masa abubuwa da yawa a wurin, ba na kuma janye ko ɗaya. Na ce tsoro ne yake kira biyayya. Na ce matan nan ba don jakuna suka karya wuyansu ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, hannuwa cikin riga, yana cewa, “Ki yi haƙuri, wataƙila gobe shi zo.” Da ya mayar mini da faɗa da na ji sanyi. Mutum ya tsaya yana ba ka haƙuri alhali shi ne ke kashe ka, wannan ya fi zagi ciwo.

Yero ya ƙara mana kwana, don kunyar Malam. Rabaran bai zo ba. Ruwan kuwa ba ya jiran kowa: tsaga ta sha, rana ta sha. Sai ga wasu mata 'yan gudun fari da yara, leɓunansu sun tsattsage, suka tsaya suna kallon jirgin. Inno ce ta fara cewa a ba su, Malam ya ɗage tabarma. Ban hana ba, wa zai hana? Amma na juya baya don kada in gani. Abin da ya rage a gindi awaki suka lashe.

Da safen da za su tashi, Yero ya ɗaure kaya a kan jaki ya kora shanu bakin hanya. Inno ta dogara sandarta ta zo ƙofar majami'a, inda muke tsaye ni da Malam. Maimakon ta yi sallama sai ta tsuguna, ta share wani wuri da tafin hannu, ta tsince tsakuwa da kashin awaki, har yashi mai kyau ya fito. Ta ɗaga kai ta ce, “To Malam, ga ƙasa mai tsarki. Yi mani taimama.”

Ya ce, “Taimamar mi, Inna?”

Ta ce, “Ta wankan mana. Tun ina ɗiya ƙarama anka koya mani, in babu ruwa ba a barin ibada, a dahwa ƙasa a shahwa, ta isa. Allah da yas san za a yi hwari, ai ba shi barin mutanenai babu dabara.”

Dariya ta taso mini, na danne ta. Tsohuwar nan ba wasa take ba. Ta yi tunaninta sarai, ta ga inda muka maƙale, ta kawo mana mafita daga abin da ta sani. A ganinta mu ne muka manta.

Malam Illo ya tsuguna gabanta. Ya ce, “Inna, babu taimama ga baftisma.”

“Wa yac ce?”

“Ba a rubuta ba.”

“An rubuta kak a yi?”

Can ya ce mata ruwa ba shi ke ceto ba, bangaskiya ce, kuma tata ta isa. Ya ba ta labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda bai ga ko ɗigon ruwa ba amma aka yi masa alkawarin Firdausi. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta da kyau. Inno ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Na san wanga labari, kai ka ba ni shi. Amma can an kahe masu hannuwa ga itace, su duka biyu. Kai hwa, Malam, wa yak kahe naka?”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ni da nake ta neman wanda zai gaya masa magana, da aka gaya masa sai na ji tausayinsa ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Na jira ya ce wani abu, ko ya yi wani abu, ko mene ne. Bai yi ba.

Inno ta kama sanda ta miƙe, ta karkaɗe hannunta. Ta ce, “Ban yi hushi ba. Ka wanke mani ƙahwa, Allah shi saka maka. Sauran jikin na bar ma Mai shi.” Ta riƙe hannuna ta ce in gai da mata, ta bi bayan shanu. Malam ya raka su har bayan gari, ni ban iya ba.

Na yi kwanaki ba na gaishe shi in ba a gaban mutane ba. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa kamar kullum, yana raba jar dawar agaji, yana bin gidajen masu zawo, yana binne yara. Sai dai wa'azinsa ya gajarce, kuma ya rame fiye da yadda yunwa kaɗai za ta ramar da mutum.

Damina ta gaba ta yi dama-dama, gulbi ya kawo. Masu gudun fari suka fara komawa arewa, ciki har da Yero, shi kaɗai da 'yan shanun da suka tsira. Ya tsaya ya gai da Malam, ya ce Inno ta rasu can kudu da Ƙaura tun kafin ruwan farko. Ya yi mata sutura yadda ya sani. Ya ce har ƙarshe tana 'yan waƙe-waƙen nan namu, ba a gane kansu. Malam ya yi masa ta'aziyya, ya ba shi ruwa ya sha.

Bayan kaka Rabaran ya zo. Mutum ne mai kirki, shi ma farin ya tsofar da shi. Aka gangara gulbi, ya yi wa waɗanda suka shirya baftisma, Malam Illo yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana miƙa musu zane, aikinsa na kowace shekara. Da aka fito ana hutawa a inuwa, ni da bakina da ba ya ajiya na kwashe labarin Inno na faɗa wa Rabaran, tun daga jirgi har taimama. So nake ya san abin da rashin zuwansa ya jawo.

Ya yi jimami ƙwarai, ya ba mu haƙuri. Sannan ya juya wajen Malam, yana matse bakin wandonsa, ya ce, “Ai Malam, a irin wannan lalura da ka yi mata kawai. Ƙasa dai a'a. Amma ko moɗa guda ce ta ruwa, ka zuba mata a ka da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ka sanar da mu daga baya. Babu wanda zai tuhume ka.”

Malam Illo ya ce, “Ni, ranka shi daɗe?”

“Kai mana. Wa ya fi ka cancanta a nan?”

“Moɗa guda?”

“Moɗa guda.”

Malam ya ce, “Ba a taɓa hwaɗa mani ba.”

Rabaran ya ce, “Ayya, ai da ka tambaya.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, sai wani ya kira shi ya tashi. Shekara da shekaru Malam yana yi wa manyan ikilisiya kiwo a bakin iyaka, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da za ka yi in ta ɓaci. Shi kuma bai taɓa ganin ya kai ya tambaya ba. Na rasa wanda zan huce a kansa.

Aka yi tuwon biki a harabar majami'a, Malam bai zo ba. Na zuba masa nasa na kai gida. Na same shi a tsakar gida da jiƙaƙƙen wandonsa, zaune gaban randa. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya tallabe ta tsakanin dungunsa biyu, bai sha ba, yana kallon cikinta. Bai ɗago ba ya ce, “Uwar zumunta, ranar da tat tahi, akwai wanga cikin randata.”

Na ajiye masa tuwon na fita.